Gurbin Da Na Bari A Lambun Mahaifina

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da abin nan ya faru ina ji da kaina ba kaɗan ba. Daga wani ƙauye na fito tsakanin Kura da Bunkure, na karanta tsara filaye da lambuna, na ƙawata shataletale da wuraren shaƙatawa a birni. In na zo gida, ko zogale mutum zai dasa sai na gyara masa wuri. Ƙanina ma abin da ya karanta ke nan, kuma a hannuna ya koyi aiki.

Da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, manoman ranin da ya daɗe yana shugabanta suka ba da fili a bakin kanal, inda ake jiran motocin tumatir, don a yi masa sadaka mai gudana. Na zana nawa tsarin da furanni da ruwa mai tsiri sama. Ƙanina ya kawo nasa: layin mangwaro, dakali, famfon alwala, kuma kowane ɗa ya dasa bishiya ɗaya da hannunsa. Suka zaɓi nasa. Wallahi ranar ko tuwo bai wuce mini ba. Yaron da na goya! Duk wanda ya yaba masa sai in ji kamar ni ya zaga. Ranar dashe na ce aiki ya riƙe ni, alhali ina kwance a ɗaki zuciyata na tafasa. Daga baya ma ta Madobi nake zagayowa don kada idona ya faɗa kan wurin.

Ƙanina ya bar mini gurbi a farkon layi, ya ce na Yaya ne, kada kowa ya taɓa. Inna kuwa duk zuwan da na yi sai ta roƙe ni in dubi Allah in je in dasa, tana so ta ga inuwar 'ya'yanta ta cika kafin ta bi Malam. Nakan ce sai damina. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa, har ranar da aka kira ni aka ce Inna ta cika.

Bayan an share makoki na taka zuwa wurin. Bishiyoyi sun haɗe, manoma na hutawa kusa da kwandunansu, wanda ya yi alwala ya sa wa Baba albarka. Wuri ɗaya tak rana take duka, gurbina. Wani dattijo ya gaya mini cewa nan Inna take shimfiɗa tabarmarta, a cikin ranar, in an ce ta matso inuwa sai ta ce tana tsare wa babban ɗanta wuri.

Jama'a, ku ji tsoron hassada, musamman a kan ɗan'uwanku. Ƙanina bai rasa komai ba, ni na rasa. Na dasa mangwarona, ina ba shi ruwa da hannuna, yanzu ya kawo mini gwiwa. Wadda ta jira inuwarsa ba za ta zauna a ciki ba.