Sule Mai Zare Tiyo da Kwamfutocin Haya

Bana shekara goma sha shida ke nan da muka rufe Sule, taubashina, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Tun ranar na rasa wanda zan tsokana ya rama. Ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu, ga ni yau a jarida saboda shi. Da yana raye, da ya ce jarida ta lalace.

Sule akwai shisshigi. In ya ga fangalin shinkafarka ya cika, tiyonka na ta zuƙo ruwa daga kanal, kai kuwa kana teburin mai shayi, sai ya shiga gonarka ya zare tiyon ya ajiye maka a kan kunya. Ya sha zagi, har mari. Maganarsa ɗaya ce: tumatirin na ƙarshen kanal ma yana jin ƙishirwa. Ni na naɗa shi Sarkin Rowa.

'Yarsa Hauwa na da shekara bakwai ya rasu. Duk sanda na ba ta labarinsa, sai ta saurara kamar labarin baƙo. Abin na ci mini rai. Na tsufa, in na tafi wa zai san an yi Sule?

Kwanaki na leƙa ta a kamfanin casar shinkafar da take aiki a Kura. Ta ce kwamfutocin ofishinsu na haya ne, suna can wata ƙasa, wai gajimare ake ce wa wurin, su allo kawai ke gabansu. Da, dare da rana a kunne suke, ana ta biya ko babu kowa a kujera. Ita ta tsara sai ma'aikaci ya zauna tasa za ta tashi, in ya tafi ta mutu. Abokan aikinta na gunagunin jiran kwamfuta ta tashi da safe, har sun laƙaba mata Hajiya Kashe.

"Baba, ni dai ba na iya ganin abu na zuba babu mai sha," in ji ta.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da na sake ba ta labarin tiyon, sai ta ajiye wayarta ta ce in ƙara mata wani.

Sule ba zai gane gajimare ba, amma na san zai tambayi wa ya bar kwamfutocin a kunne. Bai bar mota ba, bai bar gidan siminti ba. Allah Ya jiƙanka, Sarkin Rowa. Ruwan ya kai ƙarshen kanal.