Hatsin da na ce ɗan kolej ya sace

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta shafin nan ina yi wa masu rubutowa Allah ya kyauta, yau ga ni a cikinsu. A shekarun babban farin nan, lokacin da soji ke riƙe da ƙasa, ni matar wani ƙaramin ma'aikacin gwamnati ce a Yamai, muna haya a Gamkalley da 'yan yaranmu mata. 'Yar Maradi ce ni, ta gidan 'yan kasuwa, inda yarinya ke iya awo tun kafin ta iya ɗaurin zane, kuma ina taƙama da cewa ba a cuta ta. Zamanin ma ya dace da halina, don kowa na zargin kowa. Maƙwabci na leƙen buhun maƙwabci, in za a ambaci gwamnati sai an waiwaya an rage murya.

A cikin wannan hali maigidana ya kawo mana ɗan yayarsa daga ƙauyensu na wajen Tahoua. Yaron ya ci jarrabawar shiga kolej, shi kaɗai a garinsu, amma makarantar ba ta da wurin kwana balle abinci, kowane ɗan ƙauye sai ya nemi mai riƙonsa a birni. Tun ranar farko aka faɗa mana ƙa'ida: shekarunsa sun ja, ba shi da damar maimaita aji, in makinsa na ƙarshen shekara ya gaza korarsa za a yi. Na karɓe shi ba da son raina ba, na kuma gaya wa maigida a fili cewa daga wannan bakin ba na ƙara ɗaukar wani, ko wane ne. Muka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Watannin farko bai ba ni abin faɗa ba, har ya zo na uku a ajinsu, abin da ya sa na ɗan sassauta.

Sai hatsi ya fara raguwa. A manyan tukwane nake zuba shi cikin ɗaki, kuma na san tiyar awona kamar yadda na san sunana. Na yi abin da na ga uwata tana yi, na baje saman hatsin na danna tafin hannuna a kai, na rufe. Bayan kwana kaɗan na buɗe, shatin ya ɓace, an shafe wurin sumul da hannun da ya fi nawa faɗi. Ban ko yi tunanin wani ba. Na soma bin yaron da ido, kuma duk abin da na gani sai ya ƙara mini tabbaci. Yana fita tun bayan asuba alhali makarantar ba nisa. Ƙafafunsa na dawowa da busasshiyar laka irin ta bakin gulbi. Rannan na kakkaɓe jakarsa na ga ƙwayoyin hatsi a kusurwa. Na ce shi ke nan, sayarwa yake yi ya ci ƙosai da abokai.

Na tsare shi na tambaya. Ya sunkuyar da kai ya ce ni uwarsa ce, duk abin da na faɗa a kansa ya ɗauka. Wannan amsa ta fi ƙarya ba ni haushi. Na kai ƙara wurin maigida, sai ya ce in bar zancen, yaro ne, ya ɗauki rediyonsa ya fita. Na ɗauka son kai ne irin na dangin miji, na ce to, ni zan yi maganin abin da kaina. Na rage masa tuwo da hujjar ya riga ya ci rabonsa ɗanye. Na hana shi kunun safe. Na ɗauke fitilar zaure na ce kananzir ya yi tsada, in karatu yake so ga hasken rana. 'Yar maƙwabtanmu da suke aji ɗaya tana cin nata a gindin murhu tana bita, ni kuwa ina yi masa gori da ita. Makinsa ya yi ta sauka, mushensu, wato malaminsu, ya aiko cewa yana latti yana kuma barci a aji, ni kuma na riƙa nuna wa mutane wannan a matsayin shaida. Ƙarshen shekara aka kore shi. Wallahi ranar har wani daɗi na ji, irin na wanda maganarsa ta tabbata.

Bayan mako biyu wata mata ta yi sallama, ramammiya, da yaro a goye da wani a hannu. Da ƙyar na gane yayar maigidana ce, uwar yaron. Ta durƙusa a tsakar gidana, ita da ta girme ni nesa ba kusa ba, ta ce ta zo sallama ne, za su koma gida tun da an soma ruwa, amma ba za ta tafi ba ta yi mini godiya ba. Ta ce tun da dabbobinsu suka ƙare suka gangaro suka raɓe a wata bukka bayan Saga, can wajen gari, hatsin da nake aika mata ne ya riƙe ran 'ya'yanta. Ta ce ƙanenta ya faɗa mata ni ce na ce kada su shigo gari, don kada soji su kwashe su a kamiyo, wato babbar mota, kuma ni ce nake auna hatsin da hannuna in ba ɗanta ya kai da ƙafa kafin ya tafi makaranta. Sannan ta fashe da kuka ta roƙe ni in yafe wa ɗanta, wai bayan duk alherin da na yi masa ya saka mini da lalaci. Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko mata wani abu, na tsaya a can.

Maigida bai musa cewa shi ke ɗibar hatsin ba. Ya ce tsoron bakina ya ji da tsoron wurin aiki, shi ya sa ya rantsar da yaron kada ya faɗa, kuma ya zaci yaro mai ƙwaƙwalwa irin wannan ba zai faɗi ba. Na yafa mayafi na tafi wurin darekta na kwashe labarin duka na faɗa masa. Ya saurare ni da ladabi, ya ce takardu sun riga sun wuce sama, kuma bana 'yan maza da yawa aka kora, yaran yanzu ba sa son karatu. Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu inda yake kwana. Ya ce wannan ba aikin makaranta ba ne.

Shi ya sa in na ji ana cewa 'yan mata sun wuce samari a makaranta don maza malalata ne, sai jikina ya yi sanyi. Ban ce babu malalata ba. Amma ɗa namiji shi ake turawa zaure, shi ake aike mai nisa, shi ake cewa ya daure, kuma an koya masa cewa faɗin yunwa abin kunya ne. Masu tsara ilimi, in kun ɗauko yaro daga ƙauye ku ba shi wurin kwana da kwanon abinci, kuma kada a kori kowa sai wani malami ya taka ya ga gidan da yake. Ku kuma mata 'yan'uwana masu riƙon ɗan wani, ku ji tsoron zargin da komai ke tabbatar muku da shi.

Yaron nan yanzu dattijo ne da furfura, yana sayar da albasa a Babbar Kasuwa. Na nemi gafararsa, ya ce ba komai, Inna. Kowace sallah yana zuwa gaishe ni, amma har yau in na kawo masa abinci sai ya ce alhamdulillahi, ya ci kafin ya fito.