Ɗantala Mai Tsaron Gida

A wani ƙauye kusa da Buza, 'ya'yan Inna Laraba maza uku ne, kuma ƙa'idar gidan ita ce in an gama girbi, biyu su tafi cin rani Abijan, ɗaya ya tsare gida. Karɓa-karɓa ake yi. Ɗantala, autansu, har ya yi gemu bai taɓa wuce Madawa ba.

Hannunsa ne ya ja masa. Tun yana yaro ya tsinci ɓallen ƙarfen mota a bakin hanya, ya yi ta gurza shi a dutse har ya zama wuƙar yankan gero. Daga nan sai tsohon gatari ya koma fartanya, bakin shebur ya koma abin kwasar ƙasa a ramukan tassa, waɗanda ake haƙawa a fako don su tare ruwan sama. Gonarsu dutse ce zalla, tana cin ƙarfe kamar akuya da ƙaiƙayi. Abin da ya karye da safe, kafin la'asar ya sa masa ƙota.

Ba ɗan maƙera ba ne, don haka ba shi da hurumin baza kaya a kasuwa. Yabo kawai yake samu, yabo kuwa ba ya kai mutum tasha. Abin yana ci masa rai. Yana son ya ga teku, ya dawo da rediyo da labari kamar kowa.

Bara ya cire kunya ya ce wa babban wansa Mahaman wannan karon shi ma layinsa na tafiya ya zo.

"In ka tahi, wa ka gyara muna kayan aiki?" in ji Mahaman. "Mu in munka zamna, gonar ga kashe mu za ta yi. Yi haƙuri, in na komo ina tahe maka da abin da za ka ji daɗi."

Ɗantala ya ɗauka kuɗin mota ne. Rani guda yana fasa fako yana washe baki.

Da damina ta kusa, Mahaman ya sauka da wani buhu mai nauyi, ya kira shi gaban Inna, yana ta fara'a. Ɗantala ya kwance bakin buhun. Tsofaffin ƙarafan mota ne, masu kauri, zaɓaɓɓu.

"Waɗanga sai su kai ka shekara goma," in ji Mahaman.

Inna ta yi ta sa albarka. Ɗantala ya ce, "Na gode, Yaya," ya ja buhun zuwa bayan rumbu.