Shaidar Kwamfuta a Zauren Mai Unguwa

A shekarun da taki ya fi ƙarfin talaka na gama karatun kwamfuta, na dawo ƙauyenmu wajen Makoɗa, ba aiki sai baki. Kawuna ne ke riƙe da makullin rijiyar burtsatse mai sola, hatsin da gari ke haɗa masa kuwa shi ne tuwon gidansa. Sai ruwa ya fara ɗaukewa da tsakar rana. Aka ce Kawu ne ke kashe fanfo don ya rage wa lambunsa ruwa a tanki.

Nan na buga ƙirji. Na ce 'yar kwamfutar da ke ɗakin injin tana rubuta duk motsin da aka yi, a bar mini maganar. A makaranta na saba da rahoton da inji ke jerawa layi-layi, ga lokaci ga abin da ya faru, duk mai boko zai karanta. Ban ko leƙa ba kafin ranar zama, saboda ni gwani ne.

A zauren mai unguwa na kira hedimasta ya karanta wa jama'a da bakinsa, don kada a ce na ƙara gishiri. Na ciro 'yar kwamfutar daga jakata, na buɗe rahoton. Allon ya cika da tarkace kamar sawun kaji. Ashe wannan tsarin dunƙule rahotonsa yake yi cikin lambobin inji, sai da manhaja ta musamman ake warware shi. Hedimasta ya cire tabarau ya ce, "Wannan kuma wane yare ne?"

Na sunkuya ina ƙwanƙwasa maɓallai har rubutu ya fito tas: zafi ne ke sa injin ya kashe kansa. Na ɗago ina washe baki.

Mai unguwa ya ce, "Ɗazu kwamfutar nan ba ta iya magana ba, sai da ka taɓa ta?"

"Ranka ya daɗe, fassara kawai na yi."

"Kai kuma ɗan ƙanwarsa ne. Mu nan ba ma karɓar shaidar wanda ya fara keɓewa da dangin mai laifi."

Aka karɓe makullin. Kunya ta hana ni haɗa ido da Kawu, na bi bayansa ta cikin gonaki rungume da jakata. Sai da muka kusa gida ya tsaya, bai ko juyo ba, ya ce, "Da ka bari na rantse musu, da sun yarda."