Ranar da Na Daina Gudun Buta

Salamu alaikum, 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka kira ni ban ɗauka ba, ku yafe mini, buɗe baki ma ya gagare ni a lokacin.

Kun san mai gidana, Malam Isufu, ya rasu shekarar da ruwa ya ɗauke mana a Maijirgi, hatsi ya bushe a tsaye. Ci-rani ya tafi. Can aka binne shi, ko gawarsa ban gani ba.

Ina cikin takaba ciwon ya fara. Na ɗauki buta zan yi alwalar azahar, ruwa na taɓa kumatuna na dama, sai na ji kamar an soka mini ƙarfe mai zafi daga kunne har haɓa. Na yi ihu. Kafin mutanen gida su iso, ya wuce.

Daga ranar ya zama baƙon kullum. In na tauna tuwo, ya taso. In iska ta busa mini, ya taso. In ya lafa, ya bar mini ciwon kai a ɓari ɗaya har yamma.

Inna, uwar mijina, ta zauna ta dube ni, ta ce, "Ɗiyata, ciwon da ke jiran lokacin alwala ba na asibiti ba ne. Aljani mai ƙin salla ne ya shige ki."

Aka kawo mai ruƙiya. Ya yi karatu a ruwa, ya watsa mini a fuska. Na ƙwala ƙara, aka ce, "Kun ji shi nan, ya yi magana!" Aka ƙara watsawa.

Ni kaina na fara yarda. Har nakan ga kamar Malam Isufu na tsaye bakin ƙofa, yana jiran addu'ar da ban yi masa ba. Mutum ya mutu a baƙon wuri, abin da ya rage masa gare ni addu'a ce bayan salla, ni kuma ina ganin buta gabana ya faɗi. Taimama ma sai an shafi fuska.

Da na fita takaba, yayana Sale ya zo. Ya ce, "Inna, ki ba ni ita in kai ta asibiti wurin lokotoro. In iska ne, ai lokotoro ba zai riƙe mana shi ba."

A asibitin Tasawa aka tura mu Maraɗi. Lokacin soja sun karɓi mulki, iyaka a rufe, magani sai an yi yawo. Awakina biyu suka tafi a hoton kai da ƙwayoyi.

Lokotoron ya taɓa kumatuna da auduga kawai, na zabura. Ya ce, "Malama, jijiyar fuska ce. Taɓi kaɗan take kai wa ƙwaƙwalwa a matsayin wuta."

Ƙwayoyin sun rage zafin, amma jiri ya hana ni tsayuwa. Sai ya rage su, ya kawo wata 'yar na'ura mai batir, ba ta kai tafin hannu ba. Ana manna wayoyinta a fata kusa da jijiyar. Ya ce lantarki ne ɗan kaɗan, yana shagaltar da jijiyar har saƙon zafin ya rasa hanya.

Na ji tsoro ƙwarai. Ashe kamar tafiyar tururuwa ce a fata.

Ba rana ɗaya aka samu sauƙi ba. Sai da aka yi makonni, zafin na raguwa, yana jinkirin dawowa, ciwon kan ma na sassautawa. Aka koya mini sa ta da kaina, muka dawo gida.

Ranar da na gwada alwala, Inna ce ta riƙe mini buta. Na wanke fuska, muka tsaya muna jira. Ba abin da ya zo.

Ta ce, "Tashi ki yi salla, ki sa mini ɗana a ciki."

Ban warke sarai ba, yakan leƙo. Amma ina cin tuwo, ina salla.

Na gode wa Allah, na gode wa Yaya Sale da ma'aikatan asibitin. Inna ma don so ta yi.

In naku na ihu don ruwa ko iska sun taɓa fuskarsa, ku yi masa addu'a, amma ku kai shi asibiti da wuri, kada a watsa masa ruwa. Na'urar nan kuma kada ku ari ta wani ku manna, sai likita ya duba ya nuna wurin.

Wanda ya karanta har nan, ya sa Malam Isufu a addu'a. Ya daɗe yana jira.