Ɓeran Jikata Mai Haske Biyu

Ni a bayan shanu na girma, tun kafin rikici ya koro mu Bulumkutu mu zama 'yan birni. Boko ban san shi ba, amma na san ciwon huhu. Saniya tana kiwonta, ciwo yana cin ta ta ciki, ba wanda ya sani sai ta fara tari. Wata damina haka garkenmu ya yi ta zubewa. Sai an sa wuƙa an buɗe ƙirji, sannan a ga huhu ya manne da haƙarƙari. Iya saninmu ke nan: sai dabba ta mutu take gaya mana abin da ya kashe ta.

To, jikata, 'yar babban ɗana, ta tafi karatu ƙasar waje. Ran nan ta turo hoto a wayar ubanta: ɓera kwance cikin akwati mai duhu, da ransa, wani wuri a cikinsa yana haske ja, wani wuri kore. Uban, don alfahari, ya nuna wa abokansa dillalai a kasuwar shanu. Kafin la'asar ya shigo mini fuska a ɗaure.

"Inna, gida za ta dawo. Cewa ake yi an tura ta karatu ta koma aikin aljanu. Wani har tambayata ya yi ko za ta kunna masa akuya, tunda ba a kawo wuta."

Na ce, "Kai ka haife ta, ni na goya ta. Kira mini ita."

Ta ɗauka tana dariya. "Kaka, kin tuna maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya a bakin fadama? Abin da ke sa shi haske muka aro, muka haɗa da na wata halittar teku. Jan nan ciwon ne, koren kuma dakarun jiki masu yaƙarsa. Wahalar ita ce a ga su biyun lokaci guda ba su cakuɗe ba."

Wannan kam na gane. Garke biyu in sun haɗu a rijiya, da tsagar kunne kowa ke ware nasa.

Na ce, "Sai ku yanka ɓeran ku duba?"

"Haba Kaka! Gobe ma mu sake duba shi, da ransa."

Shanun nan na damina suka dawo mini a rai ɗaya bayan ɗaya, har da farar da ke cin dusa a hannuna.

Na ja mayafi, na karɓi wayar, na fita ƙofar gida inda dillalan da suka biyo shi daga kasuwa ke zaune a tabarma suna jiran su ji hukunci. Ban zauna ba.

Na ce, "Waye a cikinku bai taɓa sayen sa mai sheƙi ba, mahauci ya buɗe ya tarar da ruɓa? Ya ɗaga hannu in gan shi." Ba hannun da ya tashi. "Ku sai da wuƙa kuke ganin ciki. Ita ta gani ba ta zubar da jini ba, shi ne aljanu? Wanda ya ce ta dawo, ya fara zuwa ɗakina ya faɗa mini."

Ɗana ya ce a hankali, "Inna, a gaban mutane?"

"A gabansu ka nuna hoton, ai."

Ba wanda ya zo ɗakina. Tana can har yau. Ni kuwa duk sanda ta kira, kafin in tambayi lafiyarta sai na tambaya ko koren ya fara cin jan.