Hannuwan Mai Tuwo

Bayan yaƙin Jamus na farko, sojan da aka sallama suka cika Illela, da manyan takalma da fushin da ba su san inda za su sauke ba. Ina sana'ar fatu a lokacin. Kusa da rumfata akwai 'yan daudu uku masu sayar da tuwo, maza masu ɗaura zane da sa lalle. Ran wata kasuwa sojan suka far musu da kulake, suka farfasa tukwane. Biyu suka tsere. Na ukun, babbansu, na ɓoye shi a ɗakin fatuna, yatsunsa biyu a karye. Ban yi don jarumta ba. Shekara goma ina cin tuwonsa.

Ana haka wani Nasara ya sauka wurina da akwati mai ido, wanda ake juya wa hannu ya ɗauki hoto mai motsi. Ya ji labarin dukan, ya ce yana son duniya ta gani. Da 'yar Hausarsa ya rantse ba zai ɗauki fuska ba.

Kuma ya cika alkawari. Ya ɗauki fasasshiyar tukunya, da yagaggen zane, da inuwar mutum a bango. Sannan ya daɗe a kan hannuwan mai tuwo, suna bisa gwiwarsa.

Da ya gama ya ce bayan damina zai dawo ya haska hoton a farin ƙyalle tsakiyar kasuwa, mutane su ji kunya.

Illela duka ta ci daga hannuwan nan. Ga lalle, ga zoben azurfa, ga yatsun da sojan da kansu suka karya. Bayan hannuwan kuma ga fatuna a jibge, da shaidata a kai.

"Maigida, mi ya ce?" in ji mai tuwo.

"Ya ce zai gwada ma gari hannuwanka."

"Wayyo ni! Gara ya ɗauki fuskar. Wa ya taɓa kallon fuskata? Kwano suke kallo."

Na roƙi Nasara ya ƙona abin. Ya dafa kafaɗata ya ce ba wanda zai gane.

Washegari da hantsi na ɗaura wa jakuna fatu, na ba mai tuwo riga da rawani, na ce ya cusa hannuwansa cikin riga kada ya fitar ko kunama ta harbe shi. A bakin gari wani soja ya tare mu, ya miƙo hannu a gaisa. Na ce, "Kuturu ne, samari." Ya ja da baya yana tofar da yawu.

Kafin azahar muka shiga Birnin Konni, ƙetaren iyaka. Can mai tuwo ya kafa murhu, can ya tsufa. Ni kuwa da na koma Illela, damina uku ina jin faɗuwar gaba duk sanda aka ce baƙo ya sauka. Nasaran bai dawo ba.